Baƙin Hayaƙi a Mahaɗar Nilu: Injin Dizal da Gwajinsa a Hartum da Umdurman

Babban birnin Sudan gari uku ne da ruwa ya raba. Hartum tana zaune tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, Umdurman tana yamma, Bahri tana arewa, gadoji ne suka ɗinke su. Wanda ke kwana a Umdurman yana neman abinci a Hartum, da wanda ke ɗauko kaya daga masana'antun Bahri zuwa Kasuwar Libiya, duk sai sun bi ta kan ɗaya daga cikin gadojin nan, kuma a bakinsu motoci ke cushewa safe da yamma. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, abin da ke ɗauke da talaka da kayan masarufinsa a wannan cunkoso akasari da man dizal yake tafiya, man da mutanen can ke kira jaz: motocin haya masu kujera ashirin da 'yan kai da suke ce wa hafila, da Hiace, da tifofin yashi da na jan bulo, da tirelolin da suka kwaso tafiyar kimanin kilomita 800 daga Port Sudan. Jirgin ƙasa, wanda a da shi ne ƙashin bayan sufurin ƙasar, ya daɗe da durƙushewa, kayansa suka koma kan kwalta. Ƙidayar 2008 ta nuna mutanen jihar Hartum sun haura miliyan 5, kuma sun ƙaru ƙwarai bayan nan. Cikinsu har da Hausawa masu yawa, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gida.

Mutumin Kano ko Maraɗi ya san wannan hayaƙi sarai. Direba ya taka totur, baƙin gajimare ya turnuƙe ɗan acaɓa da mai tallan da ke gefen titi, kowa ya toshe hanci ya wuce. Abin da bai cika sani ba shi ne, a ɗakunan bincike na Turai da Japan da Amurka an kusa gamawa da wannan matsala tun tuni. A 1992 dokar Turai ta farko, Yuro 1, ta yarda injin babbar mota ya fitar da giram 0.36 na kunkunniya a kan kowane kilowat na aikin awa guda. Dokar Yuro 6 da ta fara aiki a 2013 ta saukar da shi zuwa giram 0.01. Ɗaya gubar, wadda zan bayyana nan gaba, an saukar da ita daga giram 8 zuwa 0.4. Cikin shekara ashirin da ɗaya ke nan. To me ya hana wannan ilimi haurawa gadar Umdurman, kuma wane irin bincike ne zai amfani birnin da yanzu yake ƙoƙarin tashi daga kango?

Sai an san abin da ke faruwa a cikin injin kafin a gane amsar. Injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida zuwa ashirin na girmanta, zafinta ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a ciki ya kama da wuta da kansa. Wannan matsi ne ya sa injin da Rudolf Diesel ya tayar a Augsburg ta Jamus a 1897 ya fi na fetur ƙarfin ja da tsimin mai, shi ya sa har gobe babu mai tirelar da ke marmarin rabuwa da shi. Amma a nan ɗin aibin yake. Man da iskar ba sa samun sukunin gaurayuwa. A tsakiyar feshin, inda mai ya rinjayi iska, ƙonewa ba ta cika, sai a sami kunkunniya. A gefen feshin, inda iska ta wadata kuma wuta ta tsananta, naitirojin da oksijin na cikin iskar kan haɗe su zama gubar da injiniyoyi ke rubutawa NOx, wadda ido ba ya gani amma take ƙona hanyoyin numfashi. Ka rage zafin wutar don ka kauce wa NOx, kunkunniya ta ƙaru. Ka ƙara zafi don ka ƙone kunkunniya, NOx ta ƙaru. An yi gudun gara an tarar da zago. Kusan duk binciken dizal na shekara arba'in da suka wuce a kan wannan tsaka mai wuya ya ta'allaƙa.

Illar kuwa an daina gardama a kanta. Ƙwayoyin kunkunniyar ƙanana ne ƙwarai, ba su kai kashi ɗaya cikin talatin na kaurin gashin kai ba, don haka suna wuce hanci da maƙogwaro su sauka can ƙasan huhu, wasu su shiga jini. A watan Yunin 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa hayaƙin dizal a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin huhu, bayan wani dogon nazari da aka yi a Amurka kan ma'aikatan haƙar ma'adinai sama da 12,000. Wanda ya fi shaƙa ba mai motar ba ne. Kwandasta ne da ke rataye a ƙofa, da matan nan masu sayar da shayi a bakin tashoshin Hartum, da ɗan sandan da ke ba da hannu a bakin gada.

Masu bincike sun ɓullo wa lamarin ta fuska huɗu. Da farko sun gyara feshin kansa: maimakon tsohon famfo mai tura mai ga kowane nozul bi da bi, suka tara man a bututu guda ƙarƙashin matsi mai tsanani, wanda a injunan yau yakan kai bar 2,000, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe nozul sau da yawa a bugu ɗaya. Kamfanin Denso ya sa wannan tsari a manyan motocin Hino a 1995, ya shiga ƙananan motoci da Alfa Romeo 156 a 1997. Sannan suka riƙa maido da wani kaso na hayaƙin cikin injin don ya sassauta zafin wuta. Sauran dabaru biyun a salansa suke. Ɗaya matata ce ta yumɓu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, tana kama fiye da kashi 95 cikin ɗari na kunkunniyar, lokaci-lokaci kuma injin ya ɗaga zafi zuwa wajen digiri 600 ya ƙone abin da ta tara. Peugeot 607 ta fito da ita a 2000. Ɗayar kuma fesa ruwan yuriya ne a cikin hayaƙin, wanda ake sayarwa da sunan AdBlue, kashi 32.5 yuriya sauran tataccen ruwa, sai ya mai da NOx naitirojin da tururi. Yuriyar nan dai ita ce wadda manomi ke zuba wa masara, sai dai tatacciya ce ƙwarai.

Duk waɗannan na'urori suna da abokin gaba guda, farar wuta. Ɗanyen mai yana fitowa daga ƙasa da ita, kuma in matatar mai ba ta cire ta ba, tana ƙonewa tare da dizal ta lulluɓe sinadaran da ke cikin salansar zamani ta kashe su, ta ƙara yawan ƙwayoyin da ake son ragewa, ta zama ruwan asid mai cin ƙarfen injin. Shi ya sa Turawa ba su tsaya kan mota ba, sai da suka gyara man ma. Amurka ta saukar da farar wutar dizal ɗin titi zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006, Tarayyar Turai zuwa kashi 10 a 2009. Matatar kunkunniya ba ta jimre man da ya wuce kashi 50 cikin miliyan. A watan Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoto cewa ta ɗebi mai a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas ta kai ɗakin gwaji, ta tarar da dizal mai farar wuta har ninki 378 na abin da aka yarda da shi a Turai, kuma 'yan kasuwar Turai ne ke haɗa shi musamman don kasuwar Afirka, tunda doka ba ta hana ba. Kenya da Yuganda da Tanzaniya da Ruwanda da Burundi sun riga sun koma kashi 50 tun Janairun 2015. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da wannan ma'auni a 2020.

A wannan fage Sudan ta taɓa yin sa'ar da ƙasashe da yawa ba su yi ba. Ɗanyen manta da ake kira Nile Blend yana da ƙarancin farar wuta tun daga rijiya. A shekarar 2000 matatar Jaili, kimanin kilomita 70 arewa da Hartum, wadda gwamnati ta gina tare da kamfanin CNPC na Sin, ta fara tace ganga 50,000 a rana, a 2006 aka faɗaɗa ta zuwa 100,000. Wannan kamfani ne dai ya gina matatar Soraz ta Damagaram da aka buɗe a 2011. Sai dai a wannan shekara ta 2011, ranar 9 ga Yuli, Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. Buƙatar dizal ta fi ƙarfin Jaili, aka koma cike giɓi da na waje, ga dala ta yi wuya. Layukan mai na 2018 suna cikin abin da ya tunzura jama'a har mulkin Umar al-Bashir ya faɗi a Afrilun 2019, kuma a Yunin 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta janye tallafin fetur da dizal gaba ɗaya. Ƙasar da motocinta ke kwana a layi, tambayar da take yi wa jirgin ruwan mai ita ce nawa ne kuma yaushe zai iso. Tambayar farar wuta nawa ke ciki sai wanda ya ƙoshi.

Yaƙi ya ƙarasa sauran. Dakarun RSF da ke gwabzawa da sojojin ƙasar sun riƙe Jaili tun farkon faɗan, wuta ta cinye sassanta a Janairun 2025, sojoji suka karɓe ta a ƙarshen wannan wata tana kango. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka ƙona rumbunan mai a Port Sudan. Duk inda mai ya yi wuya haka, 'yan bumburutu ne ke cin kasuwa, kuma man jarka ba shi da takarda: a tsarma shi da kananzir, ruwa da ƙura su shiga, injin ya sha haka nan.

Ko da man ya gyaru, akwai ƙasar da kanta. Hartum tana cikin manyan biranen da suka fi zafi a duniya, a Mayu da Yuni zafin rana yakan haura digiri 40 kusan kullum. Iska mai zafi ba ta da nauyi, oksijin ɗin da silinda ke zuƙa a bugu guda ya ragu, man kuwa yana nan yadda yake, sai hayaƙi ya ƙaru. Ruwan AdBlue ba ya son ajiya a zafin da ya wuce digiri 30, yana lalacewa da wuri. Ga kuma habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa gabanin damina kamar bango ta rufe gari da rana tsaka. Matatar iskar da littafin mota ya ce a canza bayan dubban kilomitoci, a irin wannan ƙura mako kaɗan take toshewa. Direban da ba shi da kuɗin sabuwa sai ya hure ta da iskar mai faci, takardar ta yage, ko ya cire ta ɗungurungum. In ta toshe injin ya rasa iska ya yi baƙin hayaƙi. In ta yage ƙura ta shiga ta cinye ringi da silinda, baƙin mai ya haura ya ƙone, hayaƙin ya koma shuɗi. Babu ɗaya daga cikin ma'aunan Yuro da aka tsara da habub a zuciya, kuma motar zamani da aka kawo irin wannan wuri, makomarta sananniya ce daga Legas har Hartum: fitilar gargaɗi ta kama, injin ya ƙi ja, bakanike ya yanke matatar kunkunniya ya walda bututu a madadinta, mai kwamfuta ya goge gargaɗin. Motar Yuro 6 ta koma tana hayaƙi kamar ta shekarun 1990, an kuma biya kuɗin zamani.

Batun gwaji ma yana da nasa darasin, kuma daga Turai ya fito. Shekara da shekaru ana auna hayaƙin mota a ɗaki: a ɗora tayoyinta a kan gangunan ƙarfe masu juyawa, a tuƙa ta bisa wani tsari sananne na gudu da tsayawa, a tara hayaƙin a auna. A 2014 wasu masu bincike na Jami'ar West Virginia a Amurka suka ɗaura ma'auni a bayan motocin dizal suka hau titi da su. Abin da suka gani a motocin Volkswagen ya yi hannun riga da na ɗaki. Ranar 18 ga Satumba, 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an sa wa motocin wata manhaja da ke gane lokacin gwaji ta natsu, in ta hau titi kuma ta fitar da NOx har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Daga Satumban 2017 Turai ta wajabta gwajin kan titi. In kamfani mai wannan girma ya iya rufe idon hukumomi masu kayan aiki na miliyoyin daloli, ƙasar da za ta dogara da takardar shaidar da ta zo tare da mota daga waje ta san matsayinta.

A ganina, wannan labari bai kamata ya karya gwiwar Hartum ba, don gwajin da take buƙata yanzu ba mai tsada ba ne. Na farko ɗakin gwajin mai ne a tashar jirgin ruwa da manyan rumbuna. Na'urar auna farar wuta ba ta fi a ɗora ta kan tebur ba, tana ba da sakamako cikin mintoci, kuma hukumar ma'auni da ingancin kaya ta Sudan tana da hurumin wannan aiki. Na biyu ma'aunin duhun hayaƙi ne: a zura bututu a salansa, direba ya taka totur har ƙasa motar tana tsaye, haske ya ratsa hayaƙin, na'ura ta faɗi kashi nawa ya tare. Tsohuwar dabara ce, ba ta ganin NOx, amma tana kama motar da ta lalace. Tun ƙarshen shekarun 1980 Donald Stedman na Jami'ar Denver ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kafawa a gefen titi yana auna kowace mota tana wucewa, kuma abin da irin wannan awo ya yi ta nunawa a birane daban-daban shi ne, 'yan tsirarun motoci ne ke fitar da kaso mafi tsoka na gubar. Birnin da duk motocinsa sai sun bi ta 'yan gadoji ƙalilan kamar don wannan ma'auni aka gina shi. Hatsarin dai sananne ne. Duk gwajin da ya zama sharaɗin sabunta takardar mota, in ba a tsare shi ba, yakan koma rasit da ake saya ba tare da motar ta zo ba, kuma mutumin Kano ko Maraɗi ba baƙon wannan ba ne.

Kama mota mai hayaƙi ba shi da amfani in babu inda za a gyara ta, kuma a nan ne Umdurman take da jarin da ba a cika lissafawa ba. A unguwar masana'antunta, kamar a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, akwai masu sana'a guda: gyaran famfon dizal da nozul. Duba yadda ake yi. Mai gyara zai kwance nozul ya ɗaura shi a wani ɗan famfon hannu mai agogon matsi, ya danna mariƙin a hankali yana kallon allura. Lafiyayyen nozul yakan riƙe har matsin ya kai inda aka ƙayyade masa, wajen bar 200 a tsofaffin injuna, sannan ya buɗe da wata 'yar ƙara ya fitar da feshi mai laushi, ya rufe ƙam bakinsa a bushe. Wanda ya gaji kuwa tun allura ba ta kai ba yake sakin mai tsiri-tsiri, bayan ya rufe kuma ɗigo ya taru a bakinsa. Wannan ɗigon shi ne baƙin hayaƙin da ake gani a titi, shi ne kuma man da mai mota ke saya bai mora ba. Shi famfon kansa sai a ɗora shi a benci mai jerin kwalaben gilashi masu zane, a juya shi, a ga ko kowane silinda yana samun rabo daidai da ɗan'uwansa. A kan wannan benci ne kuma ake yin ɓarnar: direba ya ce, maigida ka ƙara mata mai, ba ta jan kaya a tudu, sai a kwance kusar da masana'anta ta ɗaure ta kuma buga mata hatimi. Motar ta ɗan ƙara ƙarfi, hayaƙinta ya ninka.

Waɗannan masu sana'a ba 'yan koyo ba ne. Su ne suka ɗauki Bedford ta Ingila, ƙirar TJ, suka sake mata gini tun daga firam har gidan direba, suka ƙarfafa ta ta ɗauki fiye da abin da masu ita suka ƙayyade, ta ratsa rairayin Kordofan da Darfur, suka raɗa mata suna Sifinja. Kamfanin ya daina ƙera manyan motoci tun shekarun 1980, amma motar ta ci gaba da yawo, har Kurt Beck na Jami'ar Bayreuth ta Jamus ya yi nazari a kan wannan fasaha, aka kuma yi fim a kanta a 2009. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba daga 1997 zuwa 2017 ya ƙara koya wa masu gyara a Sudan yin abu da abin da ke hannu. Mutanen da suka iya wannan, in aka ba su benci mai gaskiya da nozul na ainihi da dalilin da zai sa su ƙi kwance kusar nan, za su rage hayaƙin Hartum fiye da kowace doka da aka kwafo daga Turai. Dalilin ma yana nan: tun da aka janye tallafi, kowane ɗigo kuɗi ne daga aljihun mai mota.

Su kuma jami'o'i fa? Bincike da dama a sassan injiniya na Jami'ar Hartum da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, kamar takwarorinsu na Zariya da Kano, ya karkata ga man tsirrai: a matse 'ya'yan bini-da-zugu ko gurya ko aduwa, a sarrafa man, a gauraya da dizal, a zuba a ƙaramin inji mai silinda ɗaya a auna. Tunanin yana da asali, don tun a baje kolin Faris na 1900 aka tayar da injin dizal da man gyaɗa. Sakamakon ma an san shi. Nazarin da hukumar muhalli ta Amurka ta tattara a 2002 ya nuna gaurayen kashi 20 na man tsirrai yana rage kunkunniya da wajen kashi 10, yana ƙara NOx da wajen kashi 2. Ragi ne, amma ka gwada shi da kashi 95 na matatar kunkunniya, ko da abin da gyaran nozul guda ke yi wa motar da ta lalace. Gonakin bini-da-zugu da aka yi ta zuzutawa a Afirka wajen 2008 kuwa yawancinsu sun mutu, don itacen da aka ce yana yi a fako ya nuna shi ma sai da ruwa da taki yake ba da 'ya'ya na kirki. Sudan ta nuna tana iya sarrafa makamashin gona da yawa, tunda kamfanin sukari na Kenana ya buɗe masana'antar etanol mai ƙarfin lita miliyan 65 a shekara a 2009, sai dai wannan na injin fetur ne. Kuma ƙasar da yunwa ta yi wa katutu ba za ta zuba man gyaɗa da na riɗi a tanki ba.

Tambayoyin da babu wanda zai amsa wa Hartum sai 'ya'yanta suna nan birjik. Kilomita nawa matatar iska ke yi a lokacin habub kafin hayaƙi ya fara hauhawa, kuma wace irin ƙarin matata mai araha za ta tsawaita kwananta? Nawa hafila ke fitarwa tana cike da fasinja, a tsaye a bakin gada, da zafin digiri 43? Sannan babbar tambaya: cikin ƙurar da mutumin Umdurman ke shaƙa, nawa ne na dizal? Iskar birnin gauraye take da rairayin hamada, da hayaƙin wuraren gasa jan bulo da ke jere a gaɓar Shuɗin Nilu wajen Jiraif, da gawayin girki, da sharar da ake ƙonawa. Ma'aunin da ke auna nauyin ƙura kawai zai ɗora kusan komai a kan hamada, hukuma ta ce daga Allah ne. Sai an tara ƙurar a takardar tacewa an duba baƙin da ke cikinta da sinadaransa kafin a ware rabon kowa. Jami'o'in da za su yi wannan aiki an wawashe ɗakunan gwajinsu a yaƙi, malamansu sun watsu zuwa Alƙahira da ƙasashen Larabawa. Idan aka zo sake sayen kaya, abin da aka fara saya shi zai nuna irin binciken da za a yi shekara goma masu zuwa.

Akwai kuma injin da ba ya tafiya ko'ina. Madatsar Marawi da aka kammala a 2009, mai ƙarfin megawat 1,250, ta taɓa rage wa birnin dogaro da janareta. A 2025 hare-haren jirage marasa matuƙa a kan Marawi da tashoshin wuta na Umdurman sun jefa jihar cikin duhu na kwanaki, famfunan ruwa suka tsaya, kwalara ta biyo baya. Asibiti da gidan burodi da rijiyar burtsatse duk suka koma kan janaretan dizal, wanda ke aiki dare da rana a tsakar gida, salansarsa daidai tagar maƙwabci, kuma babu ɗan sandan da ke tsayar da shi. A wannan ɓangare maganin ba a cikin injin yake ba. Tun kafin yaƙi wani shiri na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara maye gurbin injunan ban-ruwa na dizal da masu hasken rana a Jihar Arewa, kuma tsadar mai ta sa masu hali a birnin suna ɗora faranti a rufi ba tare da kowa ya yi musu wa'azi ba.

Tun da sojoji suka karɓe Hartum a Maris 2025 mutane ke komowa, kuma sake gina birni aikin dizal ne: tifa, katafila, tirelar siminti, motocin haya da za su maye gurbin dubban da aka sace ko aka ƙona. Gadar Shambat da ke haɗa Umdurman da Bahri ta karye tun Nuwamban 2023, cunkoso ya ƙaru a kan sauran. Motocin da za su shigo cikin 'yan shekarun nan su ne za su yi shekara ashirin ko talatin suna yawo. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka, yawancinsu ba za su ci gwajin ƙasashen da suka fito ba. Kafin yaƙi Sudan ta daɗe da taƙaita shigo da tsofaffin motoci a takarda, amma na sumoga sun yi ta kwararowa ta Libiya da Darfur, har mutanen ƙasar suka laƙaba musu suna motocin Boko. Hana shigowa a takarda kawai ba ya hana hayaƙi. Abin da zai yi tasiri jeri ne da ba a tsallake matakinsa: adadin farar wuta a rubuce cikin kwangilar sayo mai tare da wanda zai auna shi a Port Sudan, sashen cire farar wuta cikin duk wani shirin sake gina Jaili, sannan a nemi motocin haya masu matatar kunkunniya, a fara da na gwamnati da na kamfanoni waɗanda ke shan mai a rumbu guda kuma ake gyara su a gareji guda. Birnin Delhi na Indiya ya bi wata hanyar, ya mai da motocin hayarsa kan iskar gas bayan umarnin kotun ƙoli na 1998, aikin ya ɗauki shekara huɗu. Najeriya, wadda matatar Dangote ta fara ba ta dizal a 2024, tana kan wannan mararraba da tirelolinta na hanyar Kano zuwa Legas, kuma ita ba ta da uzurin yaƙi.